Ranar da Parvan Ya Gyaɗa Kai Irin na Jamus

Wata biyar kacal Parvan ya yi a Jamus, amma yau shekara shida ke nan kunnuwanmu ba su huta ba. In ka ji shi yana kuri sai ka rantse shi ke riƙe da babban gidan caca na can. Ƙanin matarsa da suka tafi tare shi ya tona mana asiri: kwanuka yake wankewa a kicin, teburin karta kuwa ta 'yar tagar da ake miƙo faranti yake hango shi.

Tsaraba biyu ya kawo mana ƙauyenmu Gorna Lipa. Ta farko, kai da aka juya masa. Kowane mai hankali ya san yadda ake magana da kai: in e ce ka girgiza shi gefe da gefe, in a'a ce ka ɗaga shi sama ka sauke. Haka kakanninmu suka yi a duk faɗin Bulgeriya. Parvan ya dawo yana yin akasin haka, wai haka waɗanda suka waye ke yi. Sau biyu ana ƙara masa miya alhali yana nufin ya ƙoshi. Sau ɗaya direba ya tambaye shi ko zai shiga, ya gyaɗa kai, mota ta tafi ta bar shi da jaka a bakin titi. Duk bai daddara ba, shi ya sa muke kiransa Bajamushe.

Ta biyu ita ce ilimin tagwaye.

A rumfar inabin Lelya Tsonka mai gahawa ake buga poka kowace Asabar, da ƙwayar masara maimakon kuɗi. Kowa a ba shi karta biyu ya ɓoye, sai a shimfiɗa uku a tebur, sannan ɗaya, sannan ɗaya, mutum ya haɗa nasa da na tebur. Ba iyaka a wasan: in ka ga dama ka tura duk masararka gaba ɗaya. A nan Parvan ke yi mana darasi ba wanda ya tambaye shi.

"Ku saurara, 'yan ƙauye," in ji shi. "In aka ba ka ƙananan tagwaye, biyu da biyu ko huɗu da huɗu, wani ya yi ƙari, kada ka gudu. Bi shi! Gambonsu kake jira, na ukun, ya faɗo a tebur. Sau ɗaya cikin takwas yake zuwa. In ya zo kuma, sai ka zama dutse. Ba magana, ba murmushi. Haka manya ke yi."

Sau ɗaya cikin takwas ɗin nan gaskiya ne, ya tsinto ta daidai ta tagar faranti. Inda ya ɓata shi ne ya ɗauka layi ake bi: bakwai su wuce, na takwas dole ya shigo ko yana so ko ba ya so.

A kan wannan ya gina shirinsa. Ranar bikin cocin garinmu, a watan Satumba, ake babbar gasa. Kowa ya kawo wani abu mai daraja daga gidansa ya ajiye, wanda ya cinye masarar kowa ya kwashe kayan. Tun watan Agusta Parvan ya fara tara rashin sa'a. Ya samu murfin kwalba takwas ya zuba a aljihun hagu. Duk sanda ya bi da tagwaye gambo bai zo ba, sai ya mayar da ɗaya aljihun dama yana murna. Da suka kai huɗu sai ya daina zuwa wasa gaba ɗaya, don kada na takwas ya zo masa a ranar banza.

Saura abin da zai ajiye. Parvan ba shi da komai nasa in ban da wata hula mai gashin tsuntsu. Amma a gidan akwai chushkopek ɗin matarsa Zlatka, murhun lantarkin nan na gasa tattasai, mai cin uku a lokaci ɗaya. Na mahaifiyarta ne, marigayiya, kuma shi ne abu ɗaya da Zlatka ta ce a ba ta ranar rabon kaya. Ba ta ba da aronsa ko ga 'yar'uwarta. In ta gama aiki da shi goge shi take da tsumma mai laushi, wani lokaci har tana yi masa magana. Ga kuma tattasai kwando takwas a tsakar gida, ja wur, suna jiran gashi kafin sanyi ya shigo.

"Aro ne na awa uku," Parvan ya gaya wa kansa. Da Zlatka ta shiga lambu bayan an taso daga coci, ya nannaɗe murhun da bargo ya rungume shi ya fice ta ƙofar baya.

Rumfar ta cika maƙil, har da masu tsayuwa. Su huɗu ne a tebur. Yovcho mai aski ya ajiye rediyonsa. Dyado Minko, tsoho mai kiwon zuma, ya ajiye tulu biyu na zumar bana. Malama Spaska, wadda ta yi shekara talatin da takwas tana koyar da lissafi a makarantar garin, har da shi Parvan, ta ajiye bargon ulu da ta saƙa. Parvan ya dire nasa ya yaye bargo da ƙarfi.

Kowa ya zuba wa murhun ido.

"Kai, Bajamushe," in ji Dyado Minko. "Zlatka ta mutu ne ba a gaya mana ba?"

"Lafiyarta ƙalau, Dyado."

"To kai ne za ka mutu."

"Ta san ka ɗauko?" Lelya Tsonka ta tambaya, tana karkasa karta, don ita ce mai rabo kuma ita ce alƙali.

"A gidana ni ke magana."

"Mun sani, har nan muke jiyowa," in ji Yovcho. "Tambayar ita ce wa ke saurara."

Malama Spaska ta matso da kujerarta. Nata murhun ya ƙone tun bara, shekara guda tana gashi a kan garwashi tana ƙone yatsu. Ta gyara tabarau, ta dubi murhun sama da ƙasa, ta zauna da kyau.

Aka ba kowa masara ɗari biyu. Aka fara.

Duk kartar da ba tagwaye ba Parvan yar da ita yake, har sarki da sarauniya, yana cewa ba don su ya zo ba. Bakinsa kuwa bai rufu ba ko na minti ɗaya: Jamus kaza, Jamus kaza. Can sai aka ji ƙacau-ƙacau a aljihunsa. Ya samu uku da uku, hannunsa ya tafi wurin murafan da kansa.

Malama Spaska ta ɗaga ido. "Na ƙara ashirin."

"Na bi!"

Lelya Tsonka ta shimfiɗa uku: sarki, goma, takwas. Ba gambo. Malama ta ƙara, Parvan ya yar da kartarsa yana washe baki, ya ciro murfi daga hagu ya jefa a dama.

"Biyar!" ya ce.

"An cinye ka fa," in ji Yovcho.

"Ajiya na yi."

"A wurin wa?"

"A wurin lissafi. Ba za ka gane ba, kai almakashi ka sani."

"Parvancho," in ji Malama Spaska a hankali, da muryar da take kiran sunansa a aji, "karta ba ta da ƙwaƙwalwa. Ba ta san ka sha kaye jiya ba."

"Malama, da girmanki, lissafin da kika koyar na da ne. Duniya ta ci gaba."

"Ina ma ka tsaya ka koyi na da ɗin."

Aka kwashe da dariya, har kazar Lelya Tsonka da ke kiwo ƙarƙashin tebur ta firgita.

Bayan kamar rabin awa aljihu ya sake yin ƙacau. Yanzu kowa ya gane, har matan da ke tsaye a baya suna cewa, "Ga tagwaye nan." Malama ta ƙara talatin, Parvan ya bi da biyar da biyar. Tebur ya ba da sarauniya, tara, bakwai. Malama ta tura hamsin.

Girman kai ya ɗebi Parvan. Ya ga in ya sake yarwa nan take za a raina shi.

"Ka bi?" in ji Lelya Tsonka.

Ya gyaɗa kai irin nasa na Jamus. Sai ya hangi gefen bakin Malama ya ɗan motsa, hannunta ya nufi kartarta da sauri. Ya gane ta fi shi karta.

"Tsaya, tsaya! A'a na ce!"

"Kai da kake gyaɗawa in kana nufin e?" in ji Yovcho.

"Yaushe? Ni ɗan garin nan ne, haihuwar nan, cibiyata a nan take. Na ɗaga kai na sauke, a'a ke nan. Ko ba haka ba ne, jama'a?"

"Tabɗi! Bajamushe ya dawo gida," in ji Dyado Minko. "A buga ƙararrawa."

Lelya Tsonka ta ajiye karta ta harɗe hannu. "To na ji. Amma ka buɗe kunne. Daga yanzu a rumfar nan kan garin nan ne ke aiki. Wanda ya ɗaga ya sauke ya ce a'a, ko daga wata ya dawo. Ka yarda?"

"Na yarda, Lelya, ai ni na kawo maganar."

Ya tsira da hamsin ɗinsa yana jin ba wanda ya kai shi wayo a lardin. Ya jefa murfi. "Shida!"

Rana ta fara karkata. Malama Spaska ta cinye Yovcho, ya tashi yana yi wa rediyonsa bankwana. Ta cinye Dyado Minko, ya ja kujerarsa baya kaɗan ya ci gaba da sharhi kyauta. Parvan bai ci kowa ba, ba a kuma cinye shi ba, tunda ba ya shiga. Sai dai masarar shiga da ake sawa kowane zagaye tana ta gutsurar tudunsa.

Na bakwai ya zo da shida da shida. Malama ta ƙara arba'in, ya bi, tebur ya ba shi kunya. Wannan karon tsalle ya yi. Wurin ciro murfi, aljihun ya zazzage, murafai suka watse a ƙasa, ya durƙusa yana rarrafe tsakanin ƙafafun mutane, kaza na binsa tana zaton abinci ne.

"Na dama nawa ne? Wa ya ga na dama?"

"Biyar ne," in ji Yovcho.

"Ƙarya kake, shida ne, wannan na bakwai!"

"Ni uku na ƙirga," in ji Dyado Minko.

"Dyado, kada ka yi mini wasa da rai!"

Ya taso da ganyen inabi a gashinsa, ya jera murfi bakwai a tebur, ya ɗaga na takwas sama kowa ya gani. Ya juya ya shafa murhun Zlatka. "Kwantar da hankalinka. Yanzu za mu koma gida da rediyo da zuma."

Saura su biyu. Gaban Malama tudu, gaban Parvan masara arba'in da uku. Lelya Tsonka ta raba. Parvan ya ɗaga gefen kartarsa, ya ga biyu, ya ɗaga ɗayar, biyu.

"Arba'in," in ji Malama Spaska.

"Na bi! Na bi! Takwas!"

"Parvancho, tsaya ka ji. Gambo ana jiransa ne in akwai tudu a gaban mutum, yadda in ya zo zai rama duk asarar baya. Kai uku za su rage maka."

"Malama, tsoro ne ya kama ki."

"To, zuba," ta ce, ta ɗaga kafaɗa.

Ya tura arba'in, ya rage da ƙwaya uku. Lelya Tsonka ta shimfiɗa ta farko: sarki. Ta biyu: tara. Ta uku ta ɗan maƙale a yatsanta, sannan ta kwanta.

Biyu.

Wayyo daɗi! Parvan ya ji kamar ya hau tebur ya yi rawa. Shekara shida ana yi masa dariya, ga shi yau lissafi ya fito ya tsaya masa a gaban duk garin. Sai ya tuna darasinsa: gwani in ya samu, dutse yake zama. Ya rufe baki gam. Ya sha mur. Ya jingina da kujera ya lumshe ido rabi, kamar yadda ya ga wani mai farin gashi yana yi ta tagar faranti. Jikinsa na Gorna Lipa, amma ransa ya riga ya koma Jamus.

Malama ta ƙirga ƙwaya uku ta tura. "Sauran naka."

"Ka bi?" in ji Lelya Tsonka.

Parvan ya ɗaga kai a hankali, ya sauke, da ƙasaita.

Lelya Tsonka ta ɗaure gira. "Uku kacal fa, ɗana. Za ka bi?"

Ya sake ɗagawa, ya sake saukewa, wannan karon har haɓa na taɓa ƙirji.

"To shi ke nan." Ta share kartarsa biyu a rufe ta cusa cikin sauran, ta kwashe na tebur, ta hautsina. Malama Spaska ta ja masara.

Sai da ya ji ƙarar karkasawa ya buɗe ido.

"Lelya! Me kika yi?"

"Ka ce a'a, na kwashe."

"E na ce! E! Gambo ne! Biyu da biyu gare ni, ga biyu a tebur, kowa ya gani!"

"Biyun tebur mun gani," in ji Dyado Minko. "Naka kuwa Allah kaɗai ya gani."

"Kowa ya san yadda nake gyaɗa kai!"

"Kai ɗan garin nan ne," in ji Yovcho. "Cibiyarka a nan take. Da kunnena na ji."

"Ku binciko kartar! Suna ciki!"

"Suna ciki mana," in ji Lelya Tsonka. "Biyu huɗu ne a karta, duk suna ciki. Doka kuma da bakinka ka yarda da ita. Zauna, kana da uku, wasa bai ƙare ba."

Gaskiya ta faɗa, da sauran numfashi. Amma Parvan ya riga ya miƙe, jijiyar wuya ta fito, ya ɗaga hannu ya daki tebur. Kofuna suka yi tsalle, murafai suka yi tsalle, ƙwaya ukun ma suka yi tsalle suka faɗa ƙasa. Kazar da ta wuni tana jiran irin wannan rana ta yi taku biyu. Ƙwas, ƙwas, ƙwas.

"An cinye shi," in ji Dyado Minko. "Kuma ba ƙari ta yi ba."

Rumfar ta tarwatse da dariya. Yovcho ya kwanta a kan benci yana riƙe ciki. Parvan ya bi kazar da gudu yana cewa a yanka ta a ciro masa dukiyarsa, Lelya Tsonka ta bi shi da tsintsiya, kaza ta bi ta tsakanin ƙafafunsa ta fita titi. Ya juyo zai tare ta, sai ya yi kiciɓis da mutum a bakin rumfa.

Zlatka ce, da zanen aiki a ɗaure, hannuwanta duk ƙasar lambu.

Dariya ta ɗauke. Idon Zlatka ya wuce mijinta ya sauka a kan murhun, inda Malama Spaska ke tsaye ta ɗora hannu a kai. Ba ta yi ihu ba, kuma wannan ya fi ba Parvan tsoro. Idanunta suka ciko, ta goge da bayan hannu, ƙasa ta shafe mata kunci.

"Malama, na mahaifiyata ne."

"Na sani, 'yata, tare da ita muka hau layi muka saya," in ji Malama Spaska. "Na ci shi a gaban jama'a, ba zan ce ban ci ba. Zai zauna a gidana. Ke ƙofata a buɗe take gare ki, ki zo ki gaishe shi duk sanda kika so. Amma ba zai sake kwana gida ɗaya da wannan ba."

Zlatka ta juyo a hankali.

"Parvan. Kai ka ɗauko shi ka sa a caca?"

Ya duba hagu, ya duba dama, ba mai ceto. Sai wata 'yar dabara ta ƙarshe ta faɗo masa. Doka dai doka ce, a rumfar nan kan garin nan ke aiki. Ya ɗaga kai sama ya sauke, a'a tsantsa irin ta kakanninmu.

Rumfar gaba ɗaya, maza da mata, har da Lelya Tsonka da tsintsiyarta, suka amsa da murya ɗaya:

"Irin na Jamus ne!"

Zlatka ta sunkuya ta tsince murafan nan takwas ɗaya bayan ɗaya, ta buɗe tafin hannunsa ta zuba masa, ta rufe yatsun a kai.

"Riƙe, za ka buƙace su wurin ƙirga. Kwando takwas ke jiranka a gida. Itace na bayan ɗaki, ka hura wuta, ka gasa bakwai da yatsunka, ɗaya-ɗaya."

"Na takwas fa?" ya tambaya da 'yar ƙaramar murya.

"Na takwas ai ka ce da kansa yake zuwa. Sai ka zauna a gabansa ka jira."